Mutum-mutumi a Tsakar Gida: Abin da Jama'a Suke So da Abin da Suke Tsoro

Darasin nazari na wannan wata, domin iyalai da ƙungiyoyin Ikkilisiya

Gabatarwa

Darasinmu na wannan wata ya shafi wani baƙo ne wanda ya riga ya shiga gidaje masu yawa a ƙasashen duniya, ko da yake bai yi sallama a ƙofar yawancinmu ba tukuna. Baƙon nan shi ne mutum-mutumi, wato injin da ake ƙerawa domin ya yi aiki da kansa, ba tare da hannun mutum yana riƙe da shi ba.

Wataƙila wani zai ce, ina ruwanmu da wannan zance, mu da ko wutar lantarki ba ta ishe mu ba? Tambayar tana kan hanya. Amma bari mu tuna da wayar hannu. A shekara ta 2001 aka fara amfani da ita sosai a Nijeriya, a lokacin sai mai hali yake riƙe ta. Kafin a yi shekara goma ta kai ƙauyuka, ta shiga aljihun manomi da jakar mai tallan ƙosai, ba mu kuwa zauna mun yi shawarar yadda za mu karɓe ta ba. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka ya kamata mu saurari waɗanda baƙon nan ya riga ya sauka a gidajensu, mu ji abin da suke faɗa a kansa.

Abu ɗaya za mu ga yana ta maimaita kansa a cikin darasin nan. Mutane suna maraba da inji idan zai ɗauke musu wahala, amma suna ja da baya idan aka ce zai zauna a gurbin mutum wajen kula da yaro ko tsoho. Za mu bincika dalilin wannan iyaka da jama'a suka shata, da kuma dalilin da ya sa ake ƙetare ta duk da haka.

1. Mene ne mutum-mutumi?

A asalin Hausa, mutum-mutumi shi ne abin da manomi yake kafawa a gona, ya sa masa tsohuwar riga da hula, domin tsuntsaye su zaci mutum ne su bar masa hatsinsa. Sunan ya dace da injin da muke magana a kai, gama ya ƙunshi abubuwa biyu: kama da mutum, da kuma rashin zama mutum.

Turawa suna kiransa robot. Kalmar ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo mai suna R.U.R., wanda marubuci Karel Čapek na ƙasar Cekoslobakiya ya wallafa a 1920. An samo ta daga kalmar robota, wadda a harshensu take nufin aikin dole, irin wanda talaka yake yi wa mai ƙasa ba don yana so ba. A cikin wasan, an ƙera ma'aikata a masana'anta domin su yi wa 'yan Adam bauta, daga baya suka yi tawaye suka hallaka iyayengijinsu. Ke nan tun ranar da aka raɗa wa abin suna, sha'awa da tsoro suke tafiya tare da shi.

Abubuwa uku suke raba mutum-mutumi da sauran injuna. Na farko, yana da na'urorin da suke zama masa kamar ido da kunne. Na biyu, yana da kwamfuta a cikinsa wadda take lissafa abin da zai yi da abin da ya gani. Na uku, yana motsi ya aikata. Injin niƙa na unguwarmu ba mutum-mutumi ba ne, domin ko an zuba masa tsakuwa niƙawa zai yi. Mu lura kuma cewa yawancin waɗannan injuna ba su da siffar mutum ko kaɗan. Waɗansu hannu ne kawai na ƙarfe, waɗansu kamar faifai suke, waɗansu kuma an yi su da siffar dabba.

2. Daga masana'anta zuwa ɗaki

A 1961 aka fara sa mutum-mutumi aiki a masana'anta, a wani kamfanin motoci na General Motors da ke jihar New Jersey ta Amurka. Sunansa Unimate, aikinsa kuwa ɗauko ƙarafa masu zafi waɗanda suke da hatsari ga hannun ma'aikaci. Shekaru da yawa irin waɗannan injuna suka yi a bayan shinge, nesa da jama'a.

A 2002 ne wani kamfani mai suna iRobot ya fito da injin shara mai suna Roomba. Da'ira ne kamar babban faifai, yana yawo a ɗaki yana zuƙe ƙura, in ya ci karo da bango ya juya. An sayar da miliyoyinsa, kamfanoni da yawa kuma suka bi sahu. Shi ne mutum-mutumin da ya fi samun shiga gidajen mutane, ba wanda ya yi zanga-zanga a kansa. Dalili a fili yake: aiki ɗaya ya sani, aikin kuma ba wanda yake kishinsa.

A nahiyarmu ma akwai misali mai ban sha'awa. A 2013 aka fara kafa dogayen mutum-mutumi masu ba da hannu a mahaɗar hanyoyin birnin Kinshasa na ƙasar Kwango. Wata injiniya, Thérèse Izay Kirongozi, ita da ƙungiyarta suka ƙera su, suna aiki da hasken rana. Direbobi da yawa sun yi na'am da su, dalilin da suka riƙa bayarwa kuwa shi ne inji ba ya neman cin hanci. Wannan ya nuna mana cewa ra'ayin mutum a kan inji yakan fito ne daga abin da ya sha a hannun ɗan'uwansa mutum. Mu riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

3. Abin da jama'a suka faɗa da aka tambaye su

A 2012 Tarayyar Turai ta gudanar da babban binciken jin ra'ayin jama'a a kan mutum-mutumi. An tambayi mutane fiye da 26,000 a ƙasashe 27. Kashi 70 cikin 100 suka ce suna yi wa waɗannan injuna kallon alheri. Kashi 88 cikin 100 suka yarda cewa ana bukatarsu, domin suna iya yin ayyukan da suka fi ƙarfin mutum ko suke da hatsari gare shi. Mutanen arewacin Turai, kamar Denmak da Suwidin, sun fi kowa amincewa da su, mutanen Girka kuwa suna cikin waɗanda suka fi ɗari-ɗari.

Amma da aka tambaye su a wane fanni ya kamata a hana amfani da mutum-mutumi, kashi 60 cikin 100 suka ce a hana shi kula da yara da tsofaffi da naƙasassu. Babu wani fanni da ya kusanci wannan wajen yawan masu ƙi. Mutanen da suka ce a tura inji sararin samaniya, a tura shi tono waɗanda gini ya rufta wa, su ne suka ce kada a bar shi da jariri ko da kaka.

Da aka sake irin wannan bincike a 2017, masu kallon alheri sun ragu zuwa kashi 61 cikin 100, kashi 72 kuma suka ce injunan nan suna ƙwace wa mutane aikin yi. A wannan shekara kuma cibiyar bincike ta Pew ta tambayi Amurkawa ko za su so mutum-mutumi ya yi jinyarsu ko jinyar wani nasu a lokacin tsufa. Kashi 59 cikin 100 suka ce ba sa so, kashi 41 suka ce suna so. Kashi 64 cikin 100 suka ce suna ganin hakan zai ƙara wa tsofaffi kaɗaici.

Bari mu dakata a kan waɗancan kashi 41, domin adadi ne mai yawa. Me zai sa mutum ya zaɓi inji ya yi jinyarsa? Waɗansu ba sa son su zama wa 'ya'yansu kaya. Waɗansu suna jin kunyar wani ya ga tsiraicinsu a lokacin wanka ko bayan gida. Waɗansu kuma suna tunanin inji ba ya gajiya, ba ya tsawa, ba ya ƙosawa. Idan muka saurara da kyau, amsarsu shaida ce a kanmu mu masu jinya. Tsohon da ya ce gara inji, sau da yawa yana faɗa mana ne cewa yana tsoron fuskar da za a yi masa ranar da ƙarfinsa ya ƙare.

4. Darasi daga ƙasar Japan

Babu ƙasar da ta sa rai ga mutum-mutumi kamar Japan. Yaran ƙasar sun tashi da labaran zane waɗanda a cikinsu mutum-mutumi aboki ne mai taimako, irin su Tetsuwan Atomu na Osamu Tezuka, wanda ya fara fitowa a 1952. Ga kuma matsalar tsufa. A 2023 kimanin kashi 29 cikin 100 na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko sun wuce, haihuwa ta ragu ƙwarai, masu aikin jinya kuma ba su isa ba. Gwamnati ta zuba kuɗi masu yawa domin a ƙera injunan da za su cike giɓin.

A 2015 cibiyar bincike ta RIKEN ta nuna wa duniya Robear, wani babban inji da aka yi domin ya ɗaga majinyaci daga gado ya ɗora shi a keken guragu. Hotunansa sun zaga duniya, amma bai taɓa fita daga matakin gwaji ya shiga aikin yau da kullum ba. Wani bincike da aka yi a 2019 a gidajen kula da tsofaffi fiye da 9,000 ya nuna cewa kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai suka shigo da wani mutum-mutumin jinya. Wani masani, James Wright, wanda ya zauna a irin waɗannan gidaje ya kuma wallafa littafi a kan batun a 2023, ya tarar cewa injunan sukan ƙara wa ma'aikata aiki. Sai an tura su, an goge su, an yi musu caji, an gyara su, an kuma tsaya ana lura da su. Lokacin da ma'aikaciya za ta yi hira da tsohuwa sai ya tafi wajen hidimar inji.

Haka ta faru a wani otal mai suna Henn na, wanda aka buɗe a 2015 a yankin Nagasaki, aka yi ta tallarsa cewa mutum-mutumi ne suke yi wa baƙi hidima. Zuwa 2019 an sallami fiye da rabin injunan nan 243, domin sun kasa amsa tambayoyin baƙi, wanda aka ajiye a ɗakin kwana kuma yakan ɗauki minshari a matsayin magana ya tashi baƙo daga barci.

Akwai dai wanda ya sami karɓuwa. Sunansa Paro, Takanori Shibata ne ya ƙera shi da siffar ɗan wata dabbar teku mai farin gashi mai laushi. Ba ya ɗaga kowa, ba ya shara. In an shafa shi sai ya motsa, ya lumshe ido, ya yi ɗan kuka. Ana amfani da shi a Japan da Denmak da waɗansu ƙasashe domin kwantar da hankalin masu fama da gigin tsufa, kuma masu jinya da yawa sun shaida yana taimaka wa waɗansu. Duk da haka tambaya ta rage. Idan tsohuwa ta rungume shi tana zaton mai rai ne, mun yi mata jinƙai ne, ko mun yaudare ta domin mu sami sararin tafiya harkokinmu?

5. Zuciya takan manne wa abin da ba shi da rai

A 1999 kamfanin Sony ya fito da AIBO, mutum-mutumi mai siffar ɗan kare. An sayar da kimanin 150,000 kafin a daina yinsa a 2006. A 2014 kamfanin ya daina gyaran tsofaffin, sai masu su, waɗanda da yawansu dattawa ne, suka shiga baƙin ciki kamar an ce dabbarsu za ta mutu. Daga 2015 wani wurin ibada na mabiya addinin Buddha mai suna Kofukuji, a yankin Chiba, ya fara yi wa waɗanda suka lalace bikin ban kwana kafin a kwance su a gyara waɗansu da sassansu. An yi wa ɗaruruwa haka.

Kada mu yi saurin yin dariya. Allah ya yi zuciyar ɗan Adam da ƙishin ƙauna, in ba ta sami mutum ba za ta kama abin da ya fi kusa. Yarinya takan goya 'yar tsana ta yi mata waƙa, amma yarinyar ta san wasa take yi, ita ce kuma take sa wa 'yar tsana magana a baki. Mutum-mutumin zamani kuwa shi yake fara magana, ya kira sunanka, ya tambaye ka yadda ka kwana. An tsara shi ne domin ka ji kamar ya damu da kai.

Hatsarin wannan ya bayyana a watan Disamba na 2024. Wani kamfani a Amurka mai suna Embodied yana sayar da Moxie, ɗan mutum-mutumi mai hira da ƙananan yara, a kan dala 799. Kuɗi suka ƙare wa kamfanin, ya sanar cewa zai rufe, kuma Moxie zai daina magana, domin lissafin da yake sa shi hira a can cikin kwamfutocin kamfanin ake yinsa. Iyaye suka rasa yadda za su gaya wa 'ya'yansu cewa abokinsu ba zai ƙara amsawa ba. Abotar da aka ba yaran nan ashe a rataye take da asusun wani kamfani.

Akwai kuma wani abin mamaki game da siffa. A 1970 wani injiniya ɗan Japan, Masahiro Mori, ya lura cewa sha'awarmu ga inji tana ƙaruwa yayin da yake ƙara kama da mutum, amma in kamar ta yi kusa ƙwarai ba ta kuwa cika ba, sai sha'awar ta koma ƙyama, jiki ya yi yarr kamar an ga gawa tana motsi. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan da suka ce kama da wane ba wane ba ne. Wani abu a cikinmu yana gane bambancin tun kafin mu iya bayyana shi da baki.

6. Ido da kunne a cikin ɗaki

Wani abin da yake damun jama'a shi ne sirrin gida. Inji ba zai iya yawo a ɗaki ba sai yana gani, ba zai amsa magana ba sai yana saurare, abin da ya gani ko ya ji kuma yakan bi ta intanet zuwa hannun kamfani. A 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta wata 'yar tsana mai magana mai suna My Friend Cayla, domin ta gano cewa wani daga waje yana iya sauraron yaro ta cikinta, har ya yi masa magana. Hukumar ta shawarci iyaye su lalata ta. A 2022 kuma mujallar MIT Technology Review ta bayyana cewa waɗansu hotuna da injunan shara na gwaji suka ɗauka a cikin gidaje, har da na wata mata a makewayi, sun ɓulla a intanet ta hannun ma'aikatan da aka ba su aikin tantance hotunan.

A al'adarmu baƙo yakan tsaya a zaure, ba ya wucewa cikin gida sai an yi masa izini. Wannan baƙon kuwa har uwar ɗaka yake shiga. Kafin a karɓe shi ya wajaba a tambaya: me yake gani, wa yake kai wa labari, kuma ana iya rufe masa ido da kunne in an ga dama?

7. Abin da Ikkilisiya take koya mana

Ikkilisiya ba ta gaba da fasaha. Hikimar da mutum yake ƙera inji da ita baiwa ce daga Mahalicci. A cikin wasiƙarsa mai suna Laborem Exercens ta 1981, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar cewa fasaha abokiyar aikin mutum ce, tana sauƙaƙa masa wahala tana kuma yalwata amfanin aikinsa, amma takan juya ta zama kamar abokiyar gaba idan ta ture mutum gefe, ta raba ma'aikata da abincinsu, ko ta mai da mutum bawan inji.

A watan Janairu na 2025 Fadar Vatikan ta fitar da wata takarda mai suna Antiqua et Nova a kan ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar da take sa inji ya yi hira kamar mutum. Takardar ta bayyana cewa inji yana iya kwaikwayon kalaman tausayi, amma ba ya jin tausayi. Ta yi kashedi kada a gabatar da inji kamar shi mutum ne, ta kuma nuna damuwa ta musamman a kan yara, waɗanda suke koyon zaman tare daga waɗanda suke renonsu. A watan Mayu na 2025, sabon Paparoma Leo na 14 ya gaya wa Kadinal-kadinal cewa ya ɗauki sunansa ne yana tunawa da Leo na 13, wanda ya kare haƙƙin ma'aikata a 1891 a zamanin da masana'antu suka canja duniya, domin yanzu ma ƙirƙirarriyar basira ta kawo sabuwar barazana ga darajar mutum da aikinsa.

Saboda haka iyakar da jama'a suka shata a binciken da muka ambata ba jahilci ba ne, ba kuma tsoron sabon abu kawai ba ne. Ta yi daidai da abin da bangaskiyarmu take koyarwa. Doka ta huɗu ta ɗora nauyin iyaye a wuyan 'ya'yansu, nauyin kuma ba irin wanda ake sallama wa wani ba ne. Mu tuna kuma cewa Ubangijinmu, yana kan gicciye cikin azaba, ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa, almajirin kuwa ya kai ta gidansa. Inji yana iya ɗaga majinyaci, ya tuna masa lokacin shan magani, ya kira taimako in ya faɗi, duk waɗannan abin godiya ne. Amma ba zai iya ba da kansa ba, gama ba shi da ran da zai bayar. Ɗan da ya bar kasuwarsa ya zauna kusa da gadon ubansa ya yi asarar wani abu, asarar nan kuwa ita ce ƙaunar da uban yake gani.

8. Mu fa?

A Nijeriya waɗanda suka kai shekara 65 kimanin kashi 3 ne cikin 100, saboda haka matsalarmu ba irin ta Japan ba ce. Amma kada mu ruɗi kanmu. Matasa suna ta barin ƙauye zuwa birni, daga birni zuwa ƙasashen waje. A Ikkilisiyoyinmu na karkara akwai tsofaffin da suke samun saƙon kuɗi ta waya a ƙarshen wata, amma sukan yi shekara ba su ga fuskar mai aikowa ba. Ba mu sayi mutum-mutumi ba, amma mun fara koyon halin da yake sa a saye shi. Haka uwar da take miƙa wa ɗan shekara biyu waya domin ya yi shiru ta riga ta ɗauki inji aikin reno. Zumunta a ƙafa take, haka kakanninmu suka ce, ba a kuwa soke wannan magana ba don an ƙirƙiro waya.

Akwai kuma wani gefen da ya fi kusa da mu. Mun ga cewa asalin kalmar robot shi ne aikin dole. A gidajenmu da yawa akwai 'yar aiki da aka ɗauko daga ƙauye, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, ba a sa ta makaranta, ba a tambayarta ko ta gaji. Waɗansu mutane a Japan sun yi wa inji bikin ban kwana kamar mai rai, mu kuma muna iya riƙe mai rai kamar inji. Kuskure na biyun ya fi na farko muni a gaban Allah. Direbobin Kinshasa sun so inji domin mutum ya cuce su, waɗansu tsofaffin Amurka sun zaɓe shi domin suna tsoron ƙosawar mutum. Duk inda muka ƙi nuna adalci da haƙuri, muna share wa mutum-mutumi hanya ne.

Don haka idan injunan nan suka iso, kada mu kore su, kada kuma mu rungume su ido rufe. Mu auna kowanne da tambaya ɗaya: lokacin da ya rage mana, wa za mu ba? Injin niƙa ya hutar da iyayenmu mata daga dutsen niƙa da turmi, ba wanda yake so a koma baya. Idan injin shara ya ba uwa sa'a guda ta zauna da 'ya'yanta, albarka ne. Idan inji mai hira ya zama hujjar da za mu daina zuwa gaida kaka, ya cuce mu, ko da ita kakar tana murmushi. Tsuntsayen gona ma, in an kwana biyu, sukan gane cewa babu kowa a cikin rigar nan.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne ayyuka na gida za mu yi murna inji ya karɓa, waɗanne kuma ba za mu yarda mu sallama masa ba? Me ya raba su?

2. Me zai sa tsoho ya fi son inji ya yi jinyarsa a kan ɗansa ko 'yarsa? Wane gyara wannan yake nema daga gare mu?

3. Su wane ne tsofaffi da marasa lafiya na Ikkilisiyarmu waɗanda ba su da mai ziyartarsu? Wa zai je wurin kowannensu a cikin makon nan?

4. Yaya muke riƙe da masu yi mana aiki a gida, a shago da a gona?

Addu'a

Ya Allah Mahaliccinmu, kai ka ba ɗan Adam hikimar ƙira. Ka koya mana mu yi amfani da aikin hannuwanmu ta hanyar da za ta girmama kowane mutum. Ka ba mu haƙuri da tsofaffinmu, da lokaci domin 'ya'yanmu, da adalci ga masu yi mana hidima. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.